Kuɗin Mota Ba Magani Ba Ne

Wannan shi ne jawabin da sakataren kwamitin jin daɗin jama'a na ƙungiyarmu ya gabatar a babban taron shekara da aka yi a Anacha, wanda wakilan 'yan'uwanmu na Inugu da na Fatakwal suka halarta. Saboda yawan waɗanda suka nemi a buga shi, ga shi nan kamar yadda ya fito daga bakinsa, sai ɗan gyaran da ba a rasa ba.



Ran Sarkin Hausawa ya daɗe, Allah ya gafarta Malam Liman, shugabannin kasuwa, Sarkin Fawa da jama'arsa, manyan baƙinmu da suka taso daga Inugu da Fatakwal, iyayenmu mata da ke zaune can baya, matasa, ina yi wa kowa barka da zuwa, da fatan Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.

An ba ni minti talatin in yi magana a kan ciwon daji da kuma asusun da kwamitinmu yake son a kafa. Ni dai ba likita ba ne, kowa ya sani, ɗan kasuwa ne kamar ku. Abin da zan faɗa, wani na gani da idona, wani kuma na tambayi masana suka yi mini bayani. Inda na yi daidai, daga Allah ne. Inda na kauce, malamai da ma'aikatan lafiyar da ke cikinmu su gyara mini.

Abin da na gani a tasha

Bari in fara da tashar Upper Iweka, tunda babu wanda bai san ta ba a nan. Shekaru kaɗan da suka wuce, wata ranar Juma'a da la'asar, mun je tashar nan mu shida muna tallabe da wani bawan Allah, ɗan dako ne a wurin masu albasa. Ciki ya kumbura, ido ya yi ɗorawa, ƙafa ba ta ɗaukarsa. Bayan an sallame salla aka zaga da faranti a masallaci, cikin abin da bai kai minti ashirin ba aka haɗa kuɗin mota da na guzuri, har da ragowa. Muka saya masa kujera biyu a babbar motar dare don ya samu ya miƙe ƙafa, muka damƙa shi amana ga yaron mota, muka yi masa addu'a, muka juyo. Muna tafe muna yaba wa kanmu, wai mun yi zumunci.

Kwana tara aka bugo waya aka ce ya rasu.

Daga baya ne abokan kwanansa suke gaya mini cewa ya fi shekara yana fama. Yana sayen ƙwaya a kemis, yana shan jiƙe-jiƙe, yana ɗaukar buhu da ciwon a jikinsa, domin ran da bai ɗauka ba babu abin sawa a baki. A cikin shekarar nan guda, babu wanda ya zaga da faranti saboda shi. Sai ran da muka tabbata babu sauran dabara, sannan hannunmu ya shiga aljihu.

To jama'a, ku ba ni gaskiya: wannan shi ne karo na farko? Sau nawa muka yi irin wannan rakiya? Wani a bas, wani a bayan tirelar da ta sauke kaya za ta koma Arewa. Wallahi ba na raina wannan taimako, Allah ya saka wa duk wanda ya taɓa sa ko naira goma. A wajen sutura da jana'iza da mai da mutum gida, babu wanda ya fi mu, maƙwabtanmu ma suna yaba mana. Amma kuɗin mota sallama ce kawai. Abin da na zo roƙo yau shi ne, wannan hannun da ke saurin buɗewa ranar sallama, ya riƙa buɗewa tun ranar da mutum ya fara jin ƙullutu a jikinsa.

Mene ne ciwon dajin?

Akwai ruɗani a kan sunan kansa, kuma ruɗanin yana kashe mutane. A wurinmu Hausawa, ƙafa ta kumbura ta yi ja, mu ce daji. Gyambo ya ƙi warkewa, daji. Maruru ya yi girma, daji. Da yawa daga cikin waɗannan ƙwayoyin cuta ne kawai suka shiga fata, suna iya warkewa da magani ko ma su warke da kansu. Shi ya sa za ka ji mai magani yana rantsuwa ya warkar da daji sau ba adadi, kuma mai yiwuwa ba ƙarya yake yi ba, sai dai ba irin dajin da muke magana a kai ya warkar ba.

Wanda likitoci ke kira kansa ko sankara wani abu ne daban. Jikin mutum an gina shi ne da 'yan ƙananan ƙwayoyin halitta, suna haihuwa suna mutuwa bisa tsari. Idan wasu suka ɓalle daga tsarin, suka yi ta hayayyafa ba tsayawa, sai su taru su zama tsiro. Tun yana wuri ɗaya ana iya cire shi ko a ƙone shi. Idan aka bar shi, sai ya bi jini da sauran hanyoyin jiki ya yi rassa a hanta ko huhu ko ƙashi. Daga nan kuma aiki ya yi wuya. Ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare ko gaisawa ko wanke wa majinyaci kaya. Kuma babu mai iya tabbatar da shi da ido, sai an ɗebi ɗan nama daga wurin an kai ɗakin gwaji.

A nan ne maganar nan da muka gada take yi mana illa, wai daji ba ya son ƙarfe, ba ya son allura, da an taɓa shi sai ya fusata. Kun san daga ina maganar ta samo ƙarfi? Daga mu. Mukan ajiye mutum a ɗaki sai ciwo ya gama cin jikinsa, sannan mu kai shi asibiti, likita ya yi iya yinsa, ya cika, sai mu ce ai ga shi nan, wuƙa ce ta kashe shi. Alhali kuwa jinkiri ne.

Hukumar binciken kansa ta duniya, wadda ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 kaɗai an samu sababbin masu ciwon kusan 128,000 a Nijeriya, kuma kusan 80,000 suka rasu ta dalilinsa. Wanda ya fi yawa shi ne na mama, ya haura 30,000 a shekarar. Sai na maza, wanda ke kama wani ɗan ƙullutu da ke ƙarƙashin mafitsara, likitoci na ce masa furostet. Sai na bakin mahaifa. Kuma likitocin ƙasar nan bakinsu ɗaya a kan cewa mafi yawan majinyata ba sa zuwa sai ciwo ya yi nisa.

Alamomin da ya kamata kowa ya riƙe ba su da yawa. Ƙullutu a mama ko a hammata, ko da ba ya zafi, musamman ma wanda ba ya zafin. Jini ga mace ba lokacin al'ada ba, ko bayan saduwa da miji, ko bayan ta daina al'ada. Fitsari yana yi wa dattijo gardama, ko yana fita da jini. Jini a bayan gida, wanda muke saurin cewa basir ne. Rama ba dalili. Gyambon da ya ƙi warkewa. Ga yara kuma, kumburin muƙamuƙi ko ciki mai saurin girma. Wani likita mai suna Denis Burkitt ne ya fara bayanin irinsa a ƙasar Yuganda a 1958, kuma yana cikin waɗanda suka fi jin magani idan an kai yaro da wuri. Ba duk mai ɗaya daga cikin waɗannan ne yake da kansa ba. Amma duk mai ɗaya daga ciki, likita ya kamata ya gani, ba mai kemis ba.

Ciwon nan ba ya duba arziki ko ƙabila. Ku tsallaka gadar nan ku shiga Asaba, garin su Hajiya Maryam Babangida ne, matar tsohon shugaban ƙasa. Kansa ce ajalinta a Amurka a watan Disamba na 2009. Farfesa Dora Akunyili, 'yar jihar nan ta Anambara, wadda ta yi yaƙi da jabun magunguna, ita ma kansa ce ajalinta a Indiya a watan Yuni na 2014. Amma akwai ɗaya ɓangaren. Uwargida Betty Anyanwu-Akeredolu ta gano nata a mama a 1997, aka yi mata aiki a Ibadan, ta tashi, ta kafa ƙungiyar wayar da kan mata a kan ciwon, ta yi shekaru tana wannan aiki har ta zama matar gwamnan Ondo. Mu ma a unguwarmu akwai baiwar Allah da aka yi wa irin wannan aiki, ba zan faɗi sunanta ba, tana nan tana sana'arta, bara ta aurar da 'yarta. Bambancinta da wasu shi ne mijinta bai tsaya shawara da 'yan zaman majalisa ba.

Me ya sa abin ya fi yi mana nauyi a nan?

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mutumin da ke Kano ko Katsina in ya kwanta, ga uwa, ga ƙanne, ga maƙwabtan da aka tashi tare. Namu a nan fa? Yawancinsu su biyar ne ko shida a ɗaki ɗaya, kowa ya fita nema tun asuba. Wa zai zauna da shi a asibiti?

Na biyu, harshe. Ɗan'uwanmu yana iya cinikin buhu ɗari da Turancin kasuwa, amma a gaban likita sai ya rasa yadda zai ce ga inda ke yi masa ciwo. A yi masa bayani ya ɗaga kai, bai gane ba, kunya ta hana shi tambaya. A rubuta masa ranar dawowa, ya ninke takardar ya sa a hula.

Na uku, mafi yawanmu hannu baka hannu ƙwarya ne. Mai yankan farce, mai gyaran takalmi, mai tura baro, maigadi, mai tsire: ranar asibiti ranar asara ce.

Na huɗu, kuma ina roƙon iyayenmu mata su yi mini afuwa, akwai kunya. Mace ta ji abu a ƙirjinta, ba uwa kusa, ba 'ya, ba za ta iya gaya wa miji ba, ga tsoron kada a cire mata mama a yi mata kishiya ko a sake ta. Sai ta rufe da mayafi har sai wari ya tona. Maza, wannan laifinmu ne kafin ya zama nasu. Macen da ta tabbata mijinta ba zai guje ta ba, ba za ta ɓoye ba.

Abin da ke akwai kusa da mu

Wasu na zaton in ba Arewa aka koma ba babu magani. Ba haka ba ne. Nan Nnewi, tafiyar da ba ta da nisa daga inda muke zaune, akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Nnamdi Azikiwe. A Fatakwal akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Fatakwal. Sai kuma babban, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Nijeriya da ke Ituku-Ozalla, a kan babbar hanyar Inugu zuwa Fatakwal, kimanin kilomita 20 daga cikin garin Inugu, wanda yake cikin 'yan tsirarun asibitocin ƙasar nan masu injin gashi. A watan Yuli na 2025 Gwamnatin Tarayya ta buɗe sababbin cibiyoyin kula da masu kansa guda uku: ɗaya a can Inugu, ɗaya a Binin, ɗaya kuma a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina.

Har ila yau, tun 2021 akwai asusun Gwamnatin Tarayya na tallafa wa marasa ƙarfi masu kansar mama da ta bakin mahaifa da ta furostet. An fara shi ne a asibitoci shida: Zariya, Gombe, Abuja, Ibadan, Binin da Inugu. Ana bi ta ofishin jin daɗin majinyata na asibitin, su bincika halin mutum. Kuɗin ba ya isar kowa, akwai jira, akwai cike-ciken takardu. Amma ku gaya mini, mutum nawa ne a cikinmu ya taɓa nema? Haƙƙinmu ne kamar na kowane ɗan ƙasa.

Sannan akwai rigakafi, wanda aka ce ya fi magani. Kansar bakin mahaifa wata ƙwayar cuta ce ke jawo kusan dukkanta, kuma an samu allurarta. Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 wannan allura kyauta a watan Oktoba na 2023, Inugu da Kano suna cikin rukunin farko, Anambara da Ribas suka shiga a 2024. Na san abin da ake faɗa, wai ta hana haihuwa ce. Mun ji irin wannan a kan ta shan inna, mun kuma ga yaran da suka gurgunce saboda jita-jitar. Haka nan allurar ciwon hanta da ake yi wa jarirai tun ranar haihuwa, tana kare su daga cutar da ke kan gaba wajen jawo kansar hanta. Ku kuma 'yan'uwana masu gyaɗa da masara, hatsin da ya yi fumfuna akwai guba a cikinsa mai lalata hanta. Kada a sayar, kada a ci, kada a ce a bai wa almajirai.

Ina kuɗin ke tafiya?

Ya kamata ku san irin nauyin da muke magana a kai. Maganin kansa iri uku ne a galibi. Akwai aikin tiyata. Akwai ƙarin ruwan magani mai ƙarfi da ake kira kemo, wanda sau da yawa ana yin sa ne duk bayan mako uku, har sau shida ko takwas, kuma kafin kowane zagaye sai an auna jini. Akwai gashi, wanda ake yi kullum, Litinin zuwa Juma'a, na tsawon makonni. In aka haɗa duka, magana ce ta miliyoyin naira, ba zan ɓoye muku ba.

Amma ga abin da na lura da shi. Ba kullum ne babban kuɗin ke kayar da mutanenmu ba. Kuɗin gwajin farko ne, wanda saboda shi mutum zai yi wata shida yana cewa sai kasuwa ta buɗe. Kuɗin motar zuwa Inugu da dawowa ne. Wurin kwana ne ga wanda za a yi wa gashi na mako biyar, ba shi da kowa a garin. Ledar jini ce. Abincin yaran da aka bari a gida ne. Mutum ya yi zagaye biyu na kemo, na uku ya gagara saboda kuɗin mota, ya zauna wata uku, ciwon ya dawo da ƙarfinsa, abin da aka kashe a baya ya bi ruwa. Miliyoyin nan wataƙila sun fi ƙarfinmu. Waɗannan ƙananan fa? Wallahi ba su fi ƙarfinmu ba.

Shawarar kwamiti

Abu na farko, asusu tsayayye, ba faranti ba. Muna ba da shawarar duk mai shago ko rumfa ya riƙa ba da naira 500 a mako, masu ƙaramar sana'a kuma abin da ya sauwaƙa. Ku yi lissafi tare da ni. In mutum 500 suka ba da naira 500, naira 250,000 ke nan a mako. A shekara, naira miliyan 13. Kuɗin da bai kai na shayi da burodin safe ɗaya ba. Da yayyafi kogi kan cika. Manyan dillalanmu na shanu da albasa da tumatir da wake kuma, muna roƙon a ɗora wani abu kaɗan a kan kowace motar da aka sauke, shugabannin kasuwa su yanke adadin. Game da zakka, malamai suna nan, su za su faɗi yadda ya halatta a yi. Mu dai alkawarinmu shi ne za a ajiye ta daban, ba za a cakuɗa ta da kuɗin ƙungiya ba.

Na biyu, abin da asusun zai fara biya shi ne gwaji. Duk wanda ya zo da alama, namiji ko mace, ɗan ƙungiya ko baƙon da ya sauka jiya, a kai shi a auna, ba sai ya yi roƙo a gaban jama'a ba. Bayan gwaji sai mota da masauki da jini, sannan abin da ya samu na magani.

Na uku, masauki. A nan nake juyawa ga 'yan'uwanmu na Inugu. Kakanninmu fatake da suka shigo ƙasar nan, duk garin da suka sauka akwai maigida mai ba su ɗaki, ya tsaya musu a ciniki, ya yi musu tafinta. Wannan tsari shi ya kafa zangunanmu. Muna roƙon a raya shi saboda majinyata: ɗaki biyu kacal, ɗaya na maza ɗaya na mata, a wajen Gariki inda ake samun motar Ituku-Ozalla. Anacha da Fatakwal su taimaka da kuɗin haya.

Na huɗu, 'yan rakiya. Muna da yara da aka haifa a nan, sun yi sakandare, suna jin Turanci, suna jin Ibo kamar 'yan gari. Muna neman goma daga cikinsu, maza da mata, a riƙa ba su kuɗin mota da na abinci. Aikinsu su raka majinyaci, su fassara, su riƙe katinsa, su tuna masa ranar komawa, su cike masa takardun neman tallafin gwamnati da na inshorar lafiya ta jiha.

Na biyar, kwamitin mata, wanda mata za su zaɓa da kansu, su riƙa shiga gida-gida. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Abin da ba za a gaya wa Sarki ko Liman ba, za a gaya wa unguwarzoma ko malamar Islamiyya. A riƙa gayyato ma'aikaciyar jinya mace tana koya musu yadda za su duba kansu.

Na shida, rajistar masu ba da jini. Matasa majiya ƙarfi, namiji lafiyayye yana iya bayarwa duk bayan wata uku ba abin da zai same shi. A auna ku, a rubuta rukunin jinin kowa da lambar wayarsa.

Na bakwai, wanda ya zaɓi ya koma gida, ba mu hana shi ba, jinya a gaban dangi daɗi gare ta. Amma kada ya sake hawa mota a Upper Iweka hannu rabbana. Ya tafi da takardar likita da sakamakon gwajinsa, a san asibitin da zai nufa, ko Shika a Zariya, ko Malam Aminu Kano, ko Katsina, ko Sakkwato, a kuma bugo wa wani a can ya tarbe shi. Wanda kuma likita ya ce ciwonsa ya wuce magani, shi ma yana da haƙƙi a kanmu. Akwai magungunan kashe raɗaɗi masu ƙarfi da asibiti ke bayarwa. A nema masa, a wanke shi, a zauna da shi, kada a bar shi shi kaɗai a ɗaki yana nishi.

Amsa ga masu shakka

Na ga wasu suna murmushi, na kuma san dalili. Za su ce an sha tara kuɗi a garin nan ba a ga inda suka shiga ba. Gaskiya ne, kuma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Saboda haka ga sharuɗɗa. Kuɗi a banki za su zauna, ba a aljihun kowa ba, har da ni. Ba za a fitar da ko sisi ba sai da sa hannun mutum uku daga sana'o'i uku daban-daban. Asibiti za a riƙa biya kai tsaye a karɓo rasit. Duk Juma'ar ƙarshen wata a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, a liƙa a ƙofar masallaci, a buga a mujallar nan, ba tare da sunan majinyaci ba, don a rufa masa asiri. Duk shekara biyu a canza masu riƙo. Wanda ya ga ba daidai ba, ya tashi a taro ya faɗa, ba a shago ba.

Wasu kuma za su ce mu nema ya kawo mu, ba zama ba, me zai sa mu kafa abu a ƙasar wasu? Alhaji, shekararka nawa a nan kana cewa baɗi za ka koma? 'Ya'yanka ina aka yanke musu cibiya? Mun ga tashin hankali a garin nan, na 2006 bai bar zukatanmu ba, amma ƙura na lafawa muka dawo, domin a nan abincinmu yake. Malam Umaru Altine, mutumin ƙasar Sakkwato, fataucin shanu ya kai shi Inugu, ya zauna har aka zaɓe shi magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950. Su ma masu masaukinmu, ku dubi yadda suke yi in sun je namu garuruwan: kowane ƙauye da ƙungiyarsa, da kuɗin wata-wata, har makaranta suka gina wa 'ya'yansu a Sabon Garin Kano tun kafin a samu mulkin kai. Ba su ce ai baƙi ne su ba. Abin kirki in ka gan shi a wurin maƙwabci, ɗauka ake yi.

Na ƙarshe su ne masu cewa ciwo da mutuwa na Allah ne. Haka ne, babu mai ja. Amma fatara ma ta Allah ce, ban ga wanda ya ƙi fitowa kasuwa saboda haka ba. Malam Liman yana nan, ya sha gaya mana neman magani ba ya karo da tawakkali. A yi addu'a, a kuma je asibiti. In ajali ya zo bayan mun yi iya ƙoƙarinmu, mun fita haƙƙi. In kuwa ɗan'uwanmu ya tafi saboda kuɗin gwajin da bai kai ribar wuni ɗaya ta wasunmu ba, to sai mu shirya amsar da za mu bayar.

Kammalawa

Har yau in na bi ta Upper Iweka da yamma na ga motocin dare suna lodi, sai bawan Allahn nan ya faɗo mini a rai. Da muka zaunar da shi, ya kama hannuna ya ce Allah ya bar zumunci. Godiya yake yi mana, jama'a. Ni kuwa na san da kuɗin da muka tara ran nan mun tara shi shekara guda kafin nan, da aƙalla ya samu ganin likita yana tsaye da ƙafarsa. Ko zai tashi ko ba zai tashi ba, Allah ne masani, amma mu ba mu gwada ba.

Ga littafi nan a kan tebur wajen ma'aji. Ba mu ce kowa ya ba da kuɗi yau ba. Suna muke so, da sana'a, da abin da mutum zai iya: kuɗin mako, ko jini, ko rakiya, ko ɗaki. Ran Sarki ya daɗe, muna roƙon ka zama na farkon da zai sa hannu, don na baya su gani.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Waɗanda suka riga mu, Allah ya jiƙansu. Allah ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu, ya sa albarka a nemanmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.